Na je Lafia neman maganin ciwon baya

Ana sallame asuba muka bar Jos, ni da ƙanena, a wata fijo mai ƙarar ƙofa. Shekarar 1988 ce, salla ta matso, ni kuwa tela ne da bayansa ya ƙi zama kan keke. Yadin mutane jibge a shago, wasu har sun fara zuwa karɓar abinsu.

Gangaren Akwanga ya gasa mini aya a hannu, kowane rami sai na ji shi a ƙugu. A Shabu muka tsaya cin gasasshiyar doya da manja, ga arha, ga mangwaro tuli a bakin hanya. Ƙamshin nan kaɗai ya mayar da ni ɗan sakandare a Lafia.

Wurin tsohon malaminmu na lissafi na nufa, wani Ba'indiye siriri da muke leƙe ta taga yana lanƙwasa jiki da safe, muna dariya muna cewa ba shi da ƙashi. Yoga yake kiran abin. Na same shi ya yi furfura, akwatuna a ɗaure, zai koma ƙasarsu. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Washegari ya shimfiɗa mini tabarma tana kallon fitowar rana. Ya ce in ja numfashi a hankali, na ja. Ya ce in durƙusa in kai goshi ƙasa. Nan na ƙame.

"Malam, gabas fa ke nan. Goshina ba ya taɓa ƙasa ta nan sai a salla."

Ya yi dariya, ya ce da Hausarsa ta kasuwar Lafia: "Kai juya tabarma. Baya ba ta san gabas ba."

Muka juya ta ta kalli hanyar Makurdi, ya sa mini matashi a goshi. Na durƙusa kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya, ƙanena yana ƙyaƙyata dariya a gindin mangwaro. Can sai na ji wani abu ya saki a ƙuguna. Sauran kwanakin ya koya mini kaɗan-kaɗan, yana ta gargaɗi kada in tilasta wa jiki, in ya yi zafi in tsaya.

Mun dawo Jos da buhun doya da ɗan sauƙi. Abin da na koyo shi ne jiki lallashi yake so, ni kuwa shekara da shekaru faɗa nake yi da nawa. Wata rana bayan dawowarmu na zauna kan keke tun hantsi har azahar, na gama babbar riga ba tare da na dafa ƙugu ba. Na miƙe da murna ina neman wanda zan faɗa wa, sai na tuna jirginsa ya riga ya tashi.