Durmush da Gwafarsa

A ƙauyenmu na duwatsun Toros, in kaka ta yi aladun daji suka sauko wa masara, kashi biyu ake raba maza. Masu bindiga su durƙusa a bakin kwazazzabo suna jira, masu gwangwani su bi cikin ƙurmi da kiɗa da ihu suna koro dabbar. Wanda hannunsa ya daina ci ba a yi masa faɗa, gwangwanin mai kawai za a miƙa masa a gaban kowa. Akwai dattijon da ya yi kuka da hawaye ranar da aka miƙa masa nasa.

Durmush mai kiwon awaki tun yana saurayi yake cikin masu bindiga. Dogo ne na gaske, har Falwaya ake ce masa. Kamar kowane maharbi a nan, da hannunsa ya saro gwafarsa, sandar nan mai baki biyu da ake ɗora bindiga a kai. Durƙusawa mutum yake yi ya auna ta daga ƙasa zuwa haɓarsa. In kuwa aka kashe dabba a kanta, shi ke nan, ƙarfe ba ya sake taɓa ta. Tasa ta zaitun daji ce, ta yi baƙi tana sheƙi saboda riƙo.

Bana sai abu ya lalace. Ya harba, harsashi ya wuce ta saman alade. Wata fitar ma haka.

"Falwaya, tsuntsaye ka koma harbi?" in ji Bekir a gidan shayi. Shi ne shugaban farauta, kuma tare suka tashi. "Aladunmu dai ba su fara tashi sama ba!"

Aka kwashe da dariya. Amma da za su rabu, Bekir ya kama hannunsa ya yi ƙasa da murya. "Ran Asabar in ka kuskure, wallahi ba yadda zan yi, mutumina."

Durmush ya tsorata ƙwarai. Ya ce ido ne, ya ce rawar hannu ce. Ɗansa Orhan da ke aiki a birnin Mersin ya aiko masa da wasu gajerun ƙafafun ƙarfe da ake ɗaura wa bindiga, mutum ya kwanta rub-da-ciki ya harba. Ya gwada su a bayan gida. Ban da ciyawa ba abin da ya gani, tashi kuma ya gagara sai da matarsa Zulfiye ta zo ta jawo shi kamar buhun alkama.

Ta karkaɗe masa riga tana dariya, sannan ta ce, "Baban Orhan, yaushe rabon da ƙofar ɗakin nan ta buge ka a goshi?"

"Me ya kawo zancen ƙofa kuma?"

"Da, kullum sai ka sunkuya kana zagin magini. Yanzu fa? Sau biyu ina rage maka ƙafar wando ban faɗa maka ba. Ɗauko sandar nan taka ka durƙusa mu gani."

Ya durƙusa yana ƙunƙuni. Ai kuwa sai ga bakin gwafa a saitin idonsa. Ashe duk kakar nan ɗage yake yi yana miƙa wuya, yana neman tsawon da ya riga ya tafi. Idonsa lafiya lau, hannunsa ma haka. Murna ta kama shi, baƙin ciki ma ya kama shi, don ba wanda ke son a nuna masa tsufansa a tsakar gida.

"Ga zarto can," in ji Zulfiye.

"Allah ya kiyaye! Ƙarfe a jikinta?"

Washegari ya hau dutse shi kaɗai, yana tafe yana hutawa, har gindin zaitun ɗin da ya saro gwafarsa ta farko a jikinsa. Ya zaɓi reshe, ya durƙusa ya auna da haɓar da yake da ita yau, ya saro sabuwa.

Ran Asabar Bekir ya iso da gwangwani ɓoye a bayan rigarsa, fuskarsa ba walwala. Matasa suka ga farar gwafa suka hau tsiya: "Baba, ta jikanka ka aro?" Bai kula su ba. Da hantsi ihu ya matso, wani ƙaton alade ya fasa ƙurmi ya nufi hawa. Durmush ya ɗora bindiga, kafaɗarsa ta zauna daram, ya ja kunama. Aladen ya gangaro har ƙasan kwazazzabo bai ƙara motsi ba.

Bekir ya ƙaraso yana haki, ya cilla masa gwangwanin a ƙafa. "Ungo, ɗan nema, kai wa Zulfiye ta shuka na'a-na'a!"

Da Babbar Sallah Orhan ya zo gida. Durmush ya ɗauko tsohuwar gwafar daga bayan ƙofa ya ce masa, "Durƙusa." Bakinta ya zauna cif a haɓar yaron. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sakar masa ita.