Yagaggiyar jika a butik ɗin Alhaji

Jama'a, yau na ga mutum ya tsine wa kansa!

Da marece na shiga butik ɗin wani Alhaji, kantin kayan masarufi bayan kasuwar Petit Marché, sayen shinkafa, yana cikin ƙirga cinikin yini. Na miƙa masa takardar jika guda ta sefa, yagaggiya, an liƙe ta. Ya ɗaga ta da yatsa biyu.

"Madam, wane marar tsoron Allah ya ba ki wannan? Allah wadaransa."

Na ce, "Kai ne, Alhaji. Canjin sukarin da na saya da safe."

Ya jujjuya ta, ya ce, "Da safe lafiyarta lau."

Ya dai karɓa. Ban kai ƙofa ba ya miƙa ta ga wani dattijo: "Baba, ga canjinka. Wallahi ko'ina ana karɓarta."