Ƙafar Hagu ta Baba

Shekarun baya, lokacin da nake shirin kammala jami'a, na haɗa wata ƙaramar na'ura mai auna gudanar jini a ƙafa. Ana manna wayoyi a fata, a saki wutar lantarki mai rauni wadda jiki ba ya jin ta. Duk sa'ad da zuciya ta buga, jini ya cika jijiyoyi, wutar takan sami sauƙin wucewa, sai layi ya tashi ya sauka a allon kwamfuta. Ni kuwa mutum ne mai yawan shakka, ko gishirin miya sai in so a sake aunawa.

Da na je hutu gida Gangara, na tarar mahaifina, wanda ya daɗe da ciwon sukari, yana dawowa daga gona da ɗingishi. Ya ce ƙafarsa ta hagu ce ke yin sanyi da rana tsaka. Na roƙe shi in gwada na'urar a ƙafafunsa.

"To, Malam Injiniya, kada dai ka gasa ni," in ji shi, ya miƙe ƙafafu bisa tabarma.

Layin bai nuna komai ba a duka biyun. Hankalina ya ɗan kwanta, domin na san kaushi da faso kan hana wutar shiga jiki. Ana nan aka kira la'asar, ya yi alwala, fatar ta jiƙa. Na roƙe shi ya dakata kafin ta bushe, na sake mannawa. A ta dama, layi na tashi yana sauka sarai. A ta hagu, da ƙyar yake motsi. Na canza waya, na canza batir, na gwada a tawa ƙafar, na ga na'urar lafiyarta lau. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa aikina ya zama kuskure ba sai ran nan.

Washegari muka tafi Damagaram. Likita ya yi nasa gwajin, ya ce jijiyoyin sun daɗe da toshewa. Aka yi ta magani, daga bisani aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da ya farfaɗo, ya kira ni kusa.

"Abin naka ya faɗi daidai?"

"Daidai, Baba."

"Madalla. Ashe karatun bai tafi a banza ba."

Har yau ina wannan aiki, kuma na lura sakamako mai tsabta ba ya faranta mini rai kamar yadda na zata. Shi kuwa yana zaune a ƙofar gida, ƙanena ke noma gonar. Idan baƙi suka zo gaishe shi, yakan nuna ni ya ce ɗansa ne ya fara gani. Su ce Allah Ya yi albarka. Ban taɓa iya cewa amin da ƙarfi ba.