Mai Gizago a Kasuwar Dianbai

A layin masu icen turare akwai wata tsohuwa da nake jin ana kira Goggo Kuang. Gajera ce, damatsanta kamar na maƙeri, ga tabon ƙuna daga wuya har bayan kunne. Tana saran kututture da gizago, tana zubar da farin icen don ta kai ga baƙin mai ƙamshi. Kowane sara sai ta cije leɓe. Ban san wanda ya ƙona ta ba, amma ina zaton shi take sara.

Wani mai kwat ya ɗauki guntun baƙin icen, yana busa masa hayaƙin taba.

"Goggo, anya na gaske ne?"

Ƙotar gizagon ta sauka a bayan hannunsa, fata ta fashe, guntun ya faɗo cinyarta.

"Shekara tara ina saran bishiyar nan, ina huda ta da ƙarfe mai zafi, kafin ta yi ƙamshi. Kai ne za ka shafa mata warin bakinka?"

Ya wuce yana tsotsar jini. Ita kuwa ta shinshina guntun, ta goge shi a hankali a kan tabon wuyanta.