Littafin da Baba ya zaɓo da nauyi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ƙaramin mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Dakoro, sai labari ya zo daga Yamai: za a yi konkur, jarrabawar gasa, wanda ya ci a tura shi waje koyon sarrafa ordinata, wato kwamfuta. A garinmu babu wanda ya taɓa ganin injin, har da ni mai cika baki. An ce za a tambaye mu yaren da ake ba shi umarni da shi, wai shi Kobol, kuma da Faransanci za a yi tambayoyin. An kuma sa iyakar shekaru, nawa ba za su kai ni wani zagaye ba.

Na nema a Maradi, babu littafin. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, bai yi boko ba, amma Kano gidansa ce. Ya ce in bar masa. Na maimaita masa sunan sau da yawa, yana gyaɗa kai.

Da ya dawo, tun kafin ya sha ruwa ya miƙo mini littafi cikin gafakar jar fata da ya sa baduku ya ɗinka masa.

"Ukku mai shagon ya hiddo," in ji shi. "Na aza su bisa hannu ɗaya ɗaya. Wanga ya hi nauyi. Hatsi mai nauyi ba ya ƙarya."

Na buɗe. Ingilishi ne tsantsa, yaren injin ma wani ne daban, Fortaran. Na dubi fuskarsa tana ta annuri, na ce, "Ya yi, Baba. Allah shi saka."

Na yi ta fama da shi da ƙamus, kamar mai tsintar gero a rairayi. Na je Yamai, na zauna konkur, na faɗi.

Baba ya ɗora laifin a kan masu gyaran takardun jarrabawa, na bar shi a haka. Sai ran da wani abokin cinikinsa Bakano ya sauka gidanmu, Baba ya ɗauko littafin yana nuna masa da alfahari. Baƙon ya juya shafi biyu ya ce, "Alhaji, ai wannan Turancinmu ne. Yaronka yana jin sa?"

Baba ya mayar da littafin cikin gafaka, ya ɗaure a hankali. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Na ƙare aikina da alli a hannu, ban yi nadama ba. Yau in jikokina sun tambaye ni wane littafi za su saya, ina ce musu su duba harshensa, su duba abin da za a tambaye su, kada kauri ya ruɗe su.

Abin da ke mini ciwo har yanzu daban ne. A jinyar Baba ta ƙarshe ina tsammanin wasiyyar gona ko ta rumbu, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka gahwarce ni littahin nan."