Malama Irene da Ajin Laraba

Malama Irene 'yar Zonkwa ce, daga kudancin Kaduna. Aure ne ya kawo ta Gwarzo, lokacin da mijinta Dachung, mutumin Filato, ya buɗe shagon irin shuka da maganin feshi kusa da kasuwa. Ita kuma ta samu aikin koyarwa a wata firamare ta Unguwar Tudu.

Cocinsu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Masu zuwa malaman makaranta ne da 'yan kasuwa, kusan kowa baƙo. Da mutum ya fara sabawa sai a yi masa canjin wurin aiki, ko yaransa su girma ya bi su Jos. Kowace Laraba da yamma Irene takan buɗe cocin ta share, ta durƙusa ta roƙi Ubangiji ya ƙara musu jama'a. In ta gama sai ta zauna da duk wanda ya zo su karanta Littafi Mai Tsarki. Wata rana mutum biyu, wata rana ita kaɗai.

Cikin masu zuwa sujadar Lahadi akwai Monday, wani birkila da ya haura arba'in. Yakan riƙe littafi kamar kowa, amma Irene ta lura bai taɓa juya shafi ba. Rannan da aka tashi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Monday, ka zo ran Laraba."

"Mama, ni fa ban iya karatu ba. Wahalar da ke kawai zan yi."

"Yaran ajina ma ba da karatu aka haife su ba. Ka zo."

Ya zo, da siminti a farcensa. Daga baƙi da wasali suka fara. Yakan yi fushi ya rufe littafin, wani makon kuma ya dawo. Kafin damina ta uku ya iya karanta Bisharar Markus da kansa, an yi masa baftisma, matarsa Emily ma ta shiga zumuntar mata. Irene ta fara ganin sun samu wanda zai riƙe cocin.

Sai Monday ya samu aikin gini mai tsawo a Kabo, ya kwashe iyalinsa. Da ya zo sallama ta sa masa albarka, amma abin ya ci mata rai. Ta rataye makullin cocin a bango, Laraba ta zo ta wuce ba ta fita ba, wata Larabar ma haka.

Maƙwabciyarta Zubaidatu, Musulma mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ta fara lura. Ta leƙo, suka gaisa, ta tambayi gida da yara, sannan ta kira ta da sunan 'yarta ta ce, "Maman Beauty, lafiya kuwa? Na daina ganin ki kina fita addu'arki."

"Ba mai zuwa, Zubaidatu."

"To da ma ai sau nawa kike dawowa ki ce ke kaɗai ce? Tashi ki je, zan duba miki tukunya."

Irene ta ɗauki makullin ta tafi.

Bayan kaka Monday ya kira ta a waya, ya roƙe ta ta zo Kabo ran Lahadi. Ta tarar da iyalai huɗu a falonsa, wasu a tabarma, wasu a kan katakon gini da aka ɗora bisa bulo. Shi ne ya yi karatun. Ya maƙale a wata kalma, ta faɗa masa daga baya, ya ci gaba. Da aka tashi ya nuna mata mata biyu da yake koya wa karatu.

"Mama, akwai wuraren da in sun tambaye ni ban san amsa ba."

Tun daga nan take zuwa Kabo sau ɗaya a wata. Cocin Gwarzo dai ba ta ƙaru ba, bara ma wani iyalin ya koma Kafanchan. Irene ta yi ritaya, Dachung kuma ya matsa su koma Filato. Ta ce masa ya fara yin gaba ya gyara rufin gidansu na can, za ta biyo shi.