Zauren Malam Babayo

Malam Babayo ya yi rayuwar aikinsa yana auna filaye, har ya yi ritaya ya zauna a gidansa da ke Fadaman Mada. Mutum ne mai son kowa ya san iyakarsa. Duk da haka zaurensa ba ya rufuwa da rana. Tabarma da buta suna nan don mai wucewa.

Ɗansa Mansir ne ya kafa na'urar wayifai a falo, ya sa mata kalmar sirri, don iyayensa su riƙa ganin ƙanwarsa Yelwa, da ke aure a Sakkwato, ta waya duk Juma'a bayan la'asar. Da Mansir ya rasu, gida ya cika da masu ta'aziyya. Baƙi na son sanar da dangi, sai wani ya rubuta kalmar da alli a bangon zaure. Aka yi addu'a aka watse, kalmar kuwa ta zauna a wayoyin unguwa. Har masu keke sukan tsaya jikin katanga su sha inuwa su sha data.

Bayan shekara Yelwa ta haihu, aka sa wa yaron sunan marigayin. Duk lokacin da ta ɗago shi a waya, sai hoton ya tsaya cak, murya ta yanke. Hajiya Yagana, matar Babayo, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Takan kife wayar ne kawai ta shiga ɗaki.

Babayo ya kira Ndubuisi, abokin Mansir tun firamare, mai shagon gyaran waya.

"Baba, rabin unguwa na kan layin nan," in ji Ndubuisi. "Kuma duk mai kalmar nan kamar yana zaune ne a tsakar gida, kusa da wayar Mama. A canza kalmar."

"Mutanen da suka ɗauki gawar ɗana zan rufe wa ƙofa? Kuma shi ya zaɓe ta da kansa."

Ndubuisi ya duba na'urar. "To a raba. Layin baƙi daban, da kalmar Mansir, a rage masa gudu. Naku daban, su ba sa ganin ku."

"Zaure da cikin gida ke nan," in ji Babayo. "Auna mini."

Aka ƙulla wa layin cikin gida sabuwar kalma doguwa, babu sunan kowa a ciki, babu shekarar haihuwa. Ndubuisi ya zaɓi kulle mafi ƙarfi, mai rikita saƙo yadda na waje ba zai karanta ba, ya kuma canza mabuɗin saita na'urar kanta. Babayo ya haddace, ya biya wa Hajiya har ta riƙe.

Ran Juma'a yaron ya fito tar a waya, ya yi atishawa, Hajiya ta ce masa, "Sannu, maigida," tana dariya tana share ido.

Daga waje Jalo mai keke ya ɗaga murya: "Baba, abin nan ya rage gudu fa!"

"A zaure kake, Jalo. Baƙo ba ya auna malmala."

Da ruwan sama ya wanke rubutun bangon, Babayo ya nemo alli ya sabunta shi da hannunsa.